Babi na Bakwai: A Fara da Batir

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon haɗa kwamfutar gem a YouTube ya san yadda ake buɗe zancen. Mai bayani zai ɗago wani kati mai fanka uku, ya jujjuya shi a gaban kyamara, ya faɗi sunansa da kuɗinsa, sannan sauran kaya su biyo baya. Ba ya tambayar inda wuta za ta fito, domin a Amurka ko Jamus tana cikin bango tana jiransa. Katin hoto mafi ƙarfi da kamfanin Nvidia ya fitar a watan Janairun 2025, wato RTX 5090, shi kaɗai yana jan wat 575. Ƙaramin janareton Tiger da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda ya daɗe yana riƙe da shagunan aski da na cajin waya, ƙarfinsa na gaskiya bai wuce wat 650 ba. Katin kawai ya kusa cinye janareton, alhali ba a kunna allo ba, ba a kunna ƙwan ɗaki ba.

Wannan babin na matashin Sabon Birni ne da na Isa, da duk wanda ke zaune a wannan yanki na gabashin Sakkwato inda iyaka ta raba Gobirawa gida biyu, wasu a Najeriya, wasu a Tsibiri da Maraɗi. A nan sai an juya tsarin masu bidiyo. Kafin a yi zancen kati, a san batirin da ke gida, a san abin da ke raguwa a cikinsa bayan fanka da fitilu sun ɗebi nasu. Ragowar nan ce za ta zaɓi kwamfutar.

Wutar gwamnati, wadda har yau ake ce wa wutar NEPA ko da yake kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta a Sakkwato da Kabi da Zamfara, doguwar tafiya take yi kafin ta iso nan, kuma ba wanda ke gina lissafinsa a kanta. Janareto kuwa an ga iyakarsa har sau biyu. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, kuma a cikin watan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. Mai janareto ya wayi gari da kuɗi a aljihu amma ba halin ɗauko mai. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Tankin Tiger lita 4 yake ci, kuma da wuya ya kai mutum awa 6. Wanda zai ƙona lita biyu kowane dare don ya buga ƙwallo a allo, ko dai ɗan mai gidan mai ne, ko kuma ba zai yi wata biyu yana yi ba. Abin da ya rage shi ne rana, ita kuwa Allah ya hore wa ƙasar Gobir ita ba awo.

Sai dai rana ba ta aiki da dare, kuma da dare ake gem. Shi ya sa batir ne ke da maganar ƙarshe.

Akwai ma'auni biyu da ake yawan rikitawa. Wat yana nuna saurin da na'ura ke jan wuta. Wat-awa kuwa yawan wutar da ta sha ne idan an haɗa da lokaci: na'ura mai wat 100 da ta yi awa 3 a kunne ta sha wat-awa 300. Mai sayar da sola zai yi ta zancen girman inbata, wai wannan "wan kebi" ce, wancan "tu kebi", amma inbata ba ta ajiye wuta, wucewa kawai wuta ke yi ta cikinta. Ajiya aikin batir ne. Babban batirin ruwa irin dogon nan da aka fi sani, mai bolt 12 da am-awa 200, a takarda yana ɗauke da wat-awa 2,400. Amma batirin dalma ba ya son a kwashe fiye da rabinsa. Wanda ke zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, da kyar zai ga damina biyu da shi. Mun dawo 1,200. Inbata kuma tana cin ladanta, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wajen mayar da wutar batir irin ta soket. Abin da zai iso hannu wat-awa 1,000 ne da 'yan kai.

To, wannan dubun ba na mai kwamfuta ba ne shi kaɗai. A ɗauki gida mai matsakaicin hali. Fanka ɗaya mai wat 50 tana juyawa awa 8, ta sha 400. Ƙwayaye biyar masu wat 8 na tsawon awa 5, sun sha 200. Wayoyin gida da na maƙwabta da ake kawowa caji, a ba su 100. Saura 300. Kwamfutar da ke jan wat 300 awa guda za ta yi a kai, ta mai wat 100 kuma awa uku. Duk wani tsari da za a yi, a cikin wannan ragowar za a yi shi, ko kuma a nemo kuɗin wani batir.

Nan ne ake samun saɓani a gidaje. Yaro zai ce, "Baba, wallahi ba ta shan wuta ƙwarai." Dattijo kuma ba ruwansa da wat, amsarsa guda ce: "Ni dai in fanka ta tsaya tsakad dare, kai da abin naka ku nemi inda za ku kwana." Kuma gaskiya tana wajensa. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 kuma ɗakin kwano ba ya hucewa sai gab da asuba, fankar tsoho da ta jariri sun fi kowace gasar ƙwallo muhimmanci. Matashin da ya shigo da lissafi a rubuce, ya nuna cewa na'urarsa awa uku za ta yi ta bar wa fanka rabonta, ya fi kusa da samun izini a kan wanda ya shigo da rantsuwa.

A ganina iyakar da ta dace da gida mai batir ɗaya ko biyu ita ce wat 150, a haɗa kwamfutar da allonta, kuma a auna daga soket. In an samu ƙasa da haka, madalla. Bari mu ga abin da wat 150 zai iya saye.

Hanya mafi sauƙin shan wuta ita ce a bar katin hoto gaba ɗaya. Kamfanin AMD yana da furosesa masu injin hoto a cikinsu, kuma wanda ya fi yaɗuwa a kasuwanninmu shi ne Ryzen 5 5600G da ya fito a 2021, mai ƙwaƙwalwa shida, an ƙiyasta shi a wat 65. Kwamfutar da aka gina a kansa, tana tsakiyar gem, yawanci wat 80 zuwa 100 take ja daga soket. A ƙara allo, a ce 110 ko 120. Za ta buga PES 2021 lafiya lau, ta buga GTA V, ta buga tsofaffin Mortal Kombat da Need for Speed. Sababbin wasanni masu nauyi kuwa sai an sauke musu kwalliya an rage girman hoto, wasu ma sai haƙuri. Ƙaninsa Ryzen 5 8600G na 2024 ya fi shi ƙarfin hoto sosai da wutar da ba ta wuce tasa ba, amma yana buƙatar sabon babban allo, wato madabod, da RAM irin DDR5, don haka kuɗin ya fi.

Wani kuskure da ake yawan yi da irin wannan furosesa yana kashe rabin amfaninsa. Shi ba shi da ma'ajiyar hoto tasa, RAM ɗin kwamfuta yake ara. In aka sa masa sanda ɗaya mai gig 16, hanya ɗaya yake bi ya ɗebo bayanai. In aka sa sanduna biyu masu gig 8 kowace, hanya biyu ce, kuma bambancin a ido ake ganinsa, ba sai an auna ba. Kuɗin kusan ɗaya ne, wutar ma haka. Mai shago zai so ya ba da sanda ɗaya don ita ke gare shi a aljihun tebur. A tsaya a kan biyu.

Wanda bai gamsu da wannan ba, sai ya hau mataki na biyu, na ƙaramin kati. Ramin da ake soka katin hoto a jikin babban allo yana iya ba da wat 75 da kansa. Saboda haka akwai wata alama da ko wanda bai iya karatu ba zai gane: katin da ba shi da wurin soka ƙarin waya a gefensa ko a bayansa, ba zai taɓa wuce wat 75 ba. GTX 1650 na 2019 yana cikin wannan aji, yawancinsa. RX 6400 wat 53 yake ja. Wanda ya fi su duka shi ne RTX 3050 mai gig 6 da ya fito a farkon 2024, mai wat 70. A lura, akwai wani RTX 3050 mai gig 8, shi wat 130 yake ja, sunan ne kawai ɗaya. In aka haɗa ɗaya daga cikin waɗannan da furosesa mara haɗama kamar Core i3-12100F, jimlar da allo za ta tsaya tsakanin wat 150 da 170, kuma nan gaba za mu ga yadda ake sauko da ita.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane, kuma a kansa zan ɗan daɗe. A shiga kasuwar kwamfuta ta Beirut Road a Kano, ko a duba masu talla a Facebook da WhatsApp, katin da za a fi tura wa mai ƙaramin kuɗi shi ne RX 580. "Yallaɓai, gig takwas ne fa, kuma rabin kuɗin wancan." Ba ƙarya ya yi ba. Katin ya fito a 2017, ya yi zamaninsa, kuma har yau yana buga wasanni da dama. Abin da ya sa ya yi arha shi ne masu haƙar kuɗin intanet sun saye shi da ɗimbin yawa, suka bar shi a kunne dare da rana shekaru, sai a watan Satumbar 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa, suka juye kayansu a kasuwannin duniya. Wasu an wanke su an sauya musu riga. Wasu kuma masu lambar 2048SP ne, waɗanda a gaskiya ajin RX 570 ne aka liƙa musu babban suna.

Amma a ɗauka an dace da lafiyayye. Wat 185 yake ja. RTX 3050 mai gig 6 yana yin aiki daidai da nasa, a wasu wasannin har ya ɗan fi shi, da wat 70. Tazarar wat 115 ce. A awa 4 na dare ta zama wat-awa 460, in an haɗa da ladan inbata ta wuce 500, wato rabin abin da babban batir guda ke iya bayarwa. Don a mayar da wannan wutar washegari kuma sai an ƙara farantin sola mai wat 150 zuwa 200. A je a tambayi kuɗin rabin batir da na farantin, a ɗora a kan kuɗin katin mai arha, sannan a sake duba wanda ya fi tsada. Arha ba ta ado, kuma a wannan harkar ba a shago ake biyan cikon ba, a gida ake biya kowane dare. Tambayar da ya kamata ta fara fita daga bakin mai saye ita ce, "Maigida, wat nawa yake ja?" In ya ce bai sani ba, a buga sunan katin a waya a gabansa, amsar ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Mai batir biyu da faranti isassu zai iya kallon RTX 4060 mai wat 115 ko RX 6600 mai wat 132. Dukansu sun bar RX 580 a baya da nisa, kuma dukansu sun fi shi sauƙin wuta. Daga nan zuwa sama ba na wannan babin ba ne.

Akwai gajeriyar hanya da na fi so ga mai ƙaramin jari, wato tsofaffin kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. An gina su ne don kamfanonin da ke ƙirga kuɗin wuta, don haka ba su da haɗama, kuma jikinsu ƙarfe ne mai jure wahala. A nemi mai furosesa ƙarni na takwas ko sama, irin Core i5-8500, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, kuma Windows 11 daga ƙarni na takwas take karɓa. Sirara daga cikinsu akwatin wutarsu wat 200 ne ko kusa da haka, sai kati mara ƙarin waya, kuma gajere, mai guntun ƙarfe a baya. Kafin a biya kuɗi a buɗe murfin a duba. A wasu samfuran ramin katin yana manne da akwatin wuta, kati mai kauri ba ya shiga ko da an yi masa dabara. Mutane sun sha sayen abu biyu masu kyau da suka ƙi zama tare.

Wanda zai haɗa tasa daga tushe kuwa, ya kula da akwatin wutar nan, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak. Lambar da ke jikinsa iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake sha ba. Duk da haka sayen mai wat 850 don na'urar da ke jan 130 asara ce sau biyu: kuɗi ya tafi, kuma waɗannan akwatuna sun fi ɓarnar wuta idan nauyin da ke kansu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu ba. Mai wat 400 ko 450 na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus Bronze ko Gold, ya wadatar. Mara suna mara nauyi a hannu, wanda aka rubuta wa wat 600 da manyan baƙaƙe, ranar da zai mutu ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Shi kuma akwatin kirki yana da sharaɗinsa, wato inbata mai tsaftatacciyar wuta, wadda masu sola ke ce wa fiyo-sayin. Ƙananan inbatoci masu arha wutarsu a kakkarye take fita. Fanka tana gurnani a kansu, kwamfuta kuma tana iya yin ƙara, ko ta mutu da kanta daidai lokacin da gem ya yi zafi. A kuma tambayi abin da inbata ke sha tana zaune ba aiki. Manya sukan ci wat 20 zuwa 40 ko ba a kunna komai ba, wanda a dare guda ya kai abin da fitilun gida duka ke sha. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama gajera mai kauri, domin wat 150 a bolt 12, in an haɗa da ladan inbata, ya kusa am 15. In kuwa dole sai an tada janareto, gara ya yi cajin batir, kwamfuta ta sha daga inbata. Wutar ƙaramin janareto hawa da sauka take yi duk lokacin da aka kunna wani abu a gidan.

Zancen allo gajere ne. Inci 22 ko 24, mai 1080p, yana jan wat 15 zuwa 25, kuma in an rage haskensa da dare ya ƙara sauka. Babbar talabijin tana iya cin ninki biyu ko uku. Ma'ajiya kuma SSD, ba faifai mai juyawa ba. Fitilu masu launi da ake ƙawata akwati da su, a bar wa masu bidiyo.

Bayan an haɗa, akwai wutar da ake samu kyauta ta hanyar saiti, kuma mutane kaɗan ne ke ɗibarta. Allo na yau da kullum hotuna 60 yake iya nunawa a daƙiƙa. In aka bar kati da kansa, a wasa mara nauyi kamar ƙwallo zai yi ta zana 150 ko 200, ana zubar da ragowar ba wanda ya gani, batir kuwa ya biya. A shiga saitin wasan ko na katin a kulle shi a 60. Sau da yawa wannan kaɗai yana sauke kaso mai tsoka na wutar, fankar katin ma ta yi shiru. Sannan da manhajar MSI Afterburner ko ta AMD Adrenalin ana iya gaya wa katin kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Abin da ake rasawa na sauri kaɗan ne, domin 'yan matakan ƙarshe na gudun kati su ne mafi tsadar wuta. Ryzen 5 5600G shi ma ana iya saukar da shi daga wat 65 zuwa 45 a saitin babban allo. Da waɗannan dabaru na'ura mai wat 170 takan dawo ƙasa da 140.

Duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗaki. Mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai wat 100, don haka kunna na'ura mai wat 300 a ɗakin kwano daidai yake da shigo da ƙarti uku su zauna tare da kai a bazara. Wannan ne ya ɓata dabarar da kowa ke fara tunani, wato a yi gem da rana lokacin da faranti ke zubo wuta kyauta. Dabarar tana aiki, musamman da hantsi da kuma lokacin hunturu. Farantin wat 300 a wannan yanki yana iya ba da wat-awa 1,200 ko kusa da haka a yini in ana share shi. Amma daga azahar zuwa la'asar a watan Afrilu, iskar da fankar kwamfuta ke zuƙa ta riga ta yi zafi, furosesa ya matso kusa da digiri 95 inda yake rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Na'ura mai ƙaramin wat ta fi jure wannan. Batir ma zafi ne ajalinsa: na dalma, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin rayuwa. A ajiye shi a ɗakin ƙasa mai inuwa, a riƙa duba ruwansa. Batirin lithium irin LiFePO4 ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya kwasar kashi 80 zuwa 90 nasa, don haka mai am-awa 100 yana yin kusan aikin na dalma mai 200, kuma mutum ɗaya yana iya ɗaukarsa. A yankin da wani lokaci iyali ke tattara kaya cikin gaggawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hunturu kuma ƙura yake kawowa. A ɗora kwamfuta a kan tebur, kada a bar ta a ƙasa. A yanko ƙyallen gidan sauro a rufe inda iska ke shiga, a riƙa kakkaɓe shi. Duk 'yan makonni a fitar da ita waje a hure ta, ana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Tartsatsin nan da ke fita daga yatsa in an taɓa ƙarfe a lokacin sanyi yana iya kashe RAM, saboda haka a fara taɓa jikin akwatin kafin a taɓa abin da ke ciki. Na'urar sanyaya furosesa mai ruwa da famfo ba ta wannan ƙasa ba ce. In ta lalace, gyaranta sai Kano.

Intanet ma yana da nasa kason a lissafi. Ƙaramar na'urar MiFi ba ta kai wat 10 ba. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, babban farantinsa yana jan wat 50 zuwa 100, wato daidai da katin hoto guda, kuma shi a kunne ake barinsa. Darasin 2021 kuma bai kamata a manta da shi ba. Lokacin da aka rufe layuka, mutanen bakin iyaka sun koma neman sabis ɗin Nijar, na nesa da iyaka kuwa suka zauna haka nan. Wasan da ba ya buɗewa sai ya gaisa da intanet, a irin wannan rana ba shi da amfani. A cika ma'ajiya da wasannin da ke aiki ba layi tun a birni, inda sauke gig 100 ba tashin hankali ba ne.

Saura tambayar da mai gaskiya ba zai tsallake ba: shin dole ne sai an haɗa kwamfutar tebur? Ba dole ba ne. Ƙananan kwamfutoci masu girman tafin hannu biyu, irin na Beelink da Minisforum masu Ryzen 7 7840HS, furosesansu wat 35 zuwa 54 ne, kuma hotonsu ya fi na 5600G. Laftof tana zuwa da allonta da batirinta, in inbata ta yanke ba ta mutuwa, kuma tana shiga jaka. Laifinta shi ne zafi da ƙura sun fi yi mata illa, kuma in katinta ya mutu ba a sauya shi. Wanda kuma niyyarsa gidan gem ne inda yara za su biya su buga ƙwallo, PS4 Slim ta hannu, wadda ba ta kai wat 100 ba, ta fi kwamfuta sauƙin sha'ani, ba Windows, ba ƙwayar cuta, ba yaron da zai goge wani abu. Kwamfutar tebur tana cin kuɗinta ne idan za ta yi wani aiki da rana: buga takardu, tura fim da waƙa a wayoyin mutane, gyaran bidiyon biki, ko horar da ɗalibai jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Irin wannan na'ura ita ke sayen batirinta na gaba. In za a haɗa mata firinta, a nemi mai tawada, domin mai leza tana fizgar ɗaruruwan wat duk lokacin da za ta ɗumama.

Kayan nan daga Kano ko Sakkwato za a ɗauko su, kuma kowa ya san halin da hanyar Goronyo da ta Shinkafi suke ciki. Ba tafiya ba ce da za a sake yi don mayar da sandar RAM da ta ƙi aiki. Saboda haka kafin ka bar shagon, ka sa a haɗa komai a gabanka. Ka sayi ɗan mitan nan da ake sokawa a soket yana nuna wat, ba shi da tsada. Ka soka kwamfutar da allonta a jikinsa, ka buɗe wasan da ya fi nauyi cikin waɗanda za ka riƙa bugawa, ka bar shi rabin awa kana kallon lambar. In ta wuce abin da batirin gidanku zai ɗauka, ka sauya katin tun kuɗinka na hannunka.